Allin da Malam Haruna Sufeto Ya Bar Mini

Bayan la'asar labarin ya same ni a kasuwar Shahe, a nan ƙasar waje inda nake fatauci, ina jayayya da wani lawban, wato mai masana'anta a yarensu, a kan ɗinkin riguna. Waya ta yi ƙara, na ji muryar 'yata Hauwa daga gida. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Baba, Malam Haruna Sufeto ya rasu da asuba, yanzu aka dawo daga maƙabarta." Na ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma, na sami wani ƙunshin kaya na zauna a kai. Lawban ya dube ni, ya bar maganar riguna, ya je ya kawo mini ruwan zafi.

Ni ban yi boko ba. Faɗa nake yi, maƙwabcina a nan unguwar Dengfeng yana rubutawa, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Masu zaman makoki sun san ni da Malam mun yi shekaru ba ma gaisawa. Gara su ji dalilin daga bakina.

Lokacin ina gida ina direban babbar mota, aka zo da sabon tsari a ƙaramar hukumarmu. Aka ce an daina tantance makarantun gwamnati ɗaya bayan ɗaya, za a auna na yankin gaba ɗaya. In sun cika sharaɗi a amince da su duka, yara su zauna jarrabawar fita. In ɗaya ta gaza, ta ja sauran. To makarantar cikin gari ce kawai take da bencina, yaran ƙauyuka a ƙasa suke zama. Sai manya suka yi abin da aka saba, wato aro. Ni ban ga laifi ba, don wanda zai yi baƙi ai yakan ari tabarmar maƙwabci. Motata aka sa. Sufetoci na barin makaranta da azahar, sai in loda bencina in bi ta hanyar burji, kafin su isa ta gaba da safe an jera su, har da taswirar duniya a bango.

Rana ta uku, Malam Haruna, wanda shi ne shugaban masu dubawar, ya hango ni ina fakewa a gindin wata tsamiya. Ya ce, "Direba, zo ka kama mini." Muka kifa wani benci. A ƙarƙashinsa akwai zane biyu na alli, ya ciro guntun alli daga aljihu ya ƙara na uku.

Ya ce, "Wannan benci ya fi ni ƙwazo. Makaranta uku cikin kwana uku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, benci ai kama yake yi da ɗan'uwansa."

Ya ce, "Haka ne. Amma allin nawa ne."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma sa hannu ba. Dattawa suka je masa, har kawunsa na jini. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: "In na sa hannu, takarda za ta ce yaran nan suna da benci. Wanda takarda ta ce yana da abu kuwa, ba mai ƙara kawo masa." Yankinmu duka ya faɗi. Hauwa tana ajin ƙarshe, ta yi asarar shekara guda cur. Na ga yarinyar nan tana ninke kayan makarantarta tana kuka, na rantse ba ni ba Malam. Har gobe ina cewa shekara ba ƙaramin abu ba ce, kuma ba wanda ya mayar mata da ita.

Amma tunda yau ranar gaskiya ce, bari in faɗi sauran. Shi ma bai tsira ba, an tura shi wata makaranta can bakin iyaka, ya tafi a kan tsohon babur ɗinsa bai kai ƙarar kowa ba. A rahotonsa bai ambaci sunana ba, alhali da ya yi, da motar ta bar hannuna. Daga baya hukuma ta ga babu makawa, ta kai bencina ƙauyukan nan, aka sake dubawa, aka amince da yankin. Duk na sani. Na dai ƙi gaishe shi.

Bara, ina cin tuwo bayan Juma'a a wani gidan abinci a Xiaobei, sai na ji murya a kaina: "Alhaji Direba, har yanzu ana jigilar benci?" Na ɗaga kai, ga shi ya tsufa, hula ta yi masa yawa. Na ce, "Malam, har yanzu ana ɓata wa mutane shekara?" Ya yi dariya har da tari, ya ja kujera ya sa hannu a kwanona. Ashe tsofaffin ɗalibansa ne suka turo shi ya sa a ƙera wa makarantun yankin kujeru, saboda za a sake tantancewa. Hauwa ce ta ba shi kwatancena, don yanzu ita ce shugabar ɗaya daga makarantun da na kai wa aron nan.

Na raka shi wata masana'anta a Panyu, ina gaya wa kaina don Hauwa nake yi. Ya ƙi taɓa shayin da aka zuba masa sai da ya zauna a kan kujerar gwaji, ya girgiza ta, ya kifa ta ya duba walda. Lawban yana ta cewa meyo, meyo, babu matsala. Da aka daidaita, ni kuma bisa al'ada na ciro alƙalamin maka na ja alama a ƙarƙashin kujerar.

Malam ya ce, "Alhaji, wannan fa?"

Na ce, "Don kada su nuna mana wannan su loda mana wata. Haka muke yi a nan."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ashe kai ma sufeto ne." Tun daga Panyu har muka sauka daga jirgin ƙasa bai sake tayar da maganar ba. Irin halinsa ke nan, in ya kayar da mutum ba ya hawa kansa.

Ranar da zai koma, na yi niyyar in ce ya yafe mini. Baki ya ƙi, sai na ce a gai da gida. Shi kuwa ya laluba aljihu ya ba ni guntun alli ya ce, "Ranar lodi ka duba mini su duka, ba na saman kawai ba."

Kwana biyu bayan rasuwarsa aka yi lodin. Na tsaya da ƙafata, na sa aka kifa kowace kujera, na duba na ja mata alli. Waɗanda waldarsu ba ta kama ba na mayar. Ma'aikata suka yi ta ƙunƙuni, lawban ya ce bai taɓa ganin tsoho mai taurin kai irina ba. Na ce to ya manta da malamina ke nan.

Ga Hajiya, iyalinsa, da 'ya'yansa, abin da na kasa ce masa ina ce muku: ku yafe mini a madadinsa. Allah Ya jiƙan Malam Haruna, Ya sassauta masa tambayar kabari, Ya karɓi aikinsa ba tare da bincike irin wanda ya yi mana ba. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya zuriyarsa a kan gaskiyarsa. Mu da muka rage, Allah Ya buɗe mana baki kafin a rufe mana ido. Amin.