Jakar da na yanka da fasasshen faranti

Mijina baduku ne, rumfarsa na bakin tashar jirgi a Kafanchan. Shekara da shekaru ina gefensa, shi yana yanka, ni ina ɗinki. Ya rasu da damina, a shekarar da na shiga ajin manya na coci ina koyon rubuta sunana da furfura a kaina.

Ya bar fatar akuya guda, jimar bagaruwa, mai taushi. Ya yi wa 'yarmu alkawarin jaka da ita, ta tafi da ita makarantar koyon jinya. Bai kai ga yankawa ba.

Bayan biso yayansa ya sauko daga Kagoro, ya kulle akwatin kayan aiki, ya jefa makulli a aljihu. Ya ce ƙarfen mamaci ba a taɓa shi sai dangi sun zauna a Kirsimeti.

Na ce, "Baba, yarinyar nan tafiyarta sati mai zuwa ne."

Ya ce, "Matar ƙanena, wuƙa ba gudu za ta yi ba."

Na ce, "Wuƙa ba za ta gudu ba, mota za ta tashi. Da ƙanenka yake kwance yana tari, wa ke wasa wuƙar? Kai?"

Ya hau babur ɗinsa ya tafi. Ni kuma na rantse ba zan je wurin maƙeri sayen wuƙa ba alhali tawa tana kulle a ɗakina. Taurin kai ne, na sani, har yau bai sake ni ba.

Na ɗauko farantin tangaran na baƙi, na buga shi a bakin turmi. Na taɓa ganin mijina yana kankare fata da fasasshiyar kwalba. To kankara tangaran yana yi, ya rage kaurin baki lafiya lau. Amma a ce ya yanka a miƙe, ina! Ka ja shi kaɗan bakin ya ɓantare, kuma ba ya wasuwa a dutse. Sai ka nemi wani ɓallin. Kafin in gama gefe ɗaya faranti ya ƙare, yatsuna duk naɗe da tsumma, bakin fatar kamar ɓera ya ci.

Maƙwabciyata, matar wani ma'aikacin jirgi, Inyamura ce mai sayar da garin rogo, ta leƙo ta katanga.

"Mama, kai zai yanke hannu duka! Wane irin wahala ne wannan?"

Ta miƙo mini wuƙar girkinta. Aro ba saye ba ne, na karɓa. Wuƙar ba kaifi sosai, ga tsatsa a gindi, sai na jiƙa fatar don ta yi laushi. Yanka ya tafi sumul, har na ji daɗi. Kafin in sha ruwa in dawo, duk inda ƙarfen ya bi ya koma baƙi ƙirin. Ashe jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa ba ta shiri da ƙarfe. Mijina a bushe yake yanka, wuƙarsa kullum da mai, ni ban taɓa tambayar dalili ba. Na goga lemun tsami, baƙin ya dushe kaɗan, ya tsaya nan.

Na zauna a ƙasa na daɗe. Kuka ma ya ƙi zuwa, gajiya ta rigaye shi. Fata guda ce, babu wata.

Haka na ɗinka ta. Gefen da tangaran ya yanka na naɗe ciki, gefen baƙin ba yadda zan ɓoye shi.

Ranar tafiya 'yar ta juya jakar a hannu, ta bi baƙin layin da yatsa.

"Mama, wannan fa?"

Na ce, "Aikin uwarki ne. In ba kya so ga leda."

Ta zuba sabulu da takardunta a ciki, ta rataya. Madaurin ya yi mata tsawo, ta ƙulle shi a kafaɗa, muka fita neman mota.