Jego a Lokacin Farautar Barewa

Norbert Pufahl bai yarda da ciwo ba, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. A wurinsa ciwo iri biyu ne: wanda ke kai mutum kabari, da wanda mutum ke ƙirƙira don ya samu ya kwanta. Idan aka ce masa wane ba shi da lafiya, sai ya ɗaga hannun hagu ya nuna guntun yatsansa, ya shiga labarin da duk garin nan ya haddace: yadda injin yankan ƙashi ya ɗauke masa kan yatsa yana saurayi, ya naɗe wurin da tsumma, ya ƙarasa saniyar da ke gabansa kafin ya nemi likita. Matarsa Verna takan ce da ma harshen injin ya ɗauka, da gari ya huta.

Mahauci ne, ɗan manomi mai shanun madara, a ƙaramin garinmu na arewacin jihar Wisconsin ta Amurka. Shagonsa yana bayan gidan mai, kanta a gaba, ɗakin sanyi a baya. Mutum huɗu ke ci a ciki: shi kansa, Verna mai naɗe nama, wani Duane mai wanke-wanke da surutu, sai Pakou Lor.

Pakou 'yar ƙabilar Hmong ce. Iyayenta sun baro tsaunukan Laos bayan yaƙi, ita kuwa a nan aka haife ta. Ta shigo shagon tana budurwa, ba ta ma san yadda ake wasa wuƙa ba, Norbert ya koya mata da faɗa da harara har ta fi shi sauri. Bai taɓa yabonta a gabanta ba. Amma ya riga ya ƙudura a ransa ita zai bar wa shagon, tunda 'ya'yansa biyu sun tafi birni, ɗayan ma ya daina cin nama don dai ya ƙona wa ubansa rai. Abin da yake tsoro ɗaya ne, babbar masana'antar nama da ke ƙetaren kogi, wadda ta riga ta janye masa ma'aikata biyu. Can idan mace ta haihu ko mutum ya kwanta, albashinsa na tafiya. Norbert ya ce wannan lalata mutane ne.

Da rani Pakou ta tsare shi bakin ɗakin sanyi ta gaya masa tana da ciki, haihuwa tsakiyar Nuwamba.

Ƙarshen Nuwamba ne ake buɗe farautar barewa, motocin mafarauta masu kawo bareyi a yanka musu nama su yi layi har bakin titi, kuma abin da shago ya samu a wannan ɗan tsakanin shi ke riƙe shi har bazara.

"Ke da mijinki ba ku da kalanda a gida?" in ji shi.

"Muna da ita, Baba. Taka ce ma, mai hoton bijimi, wadda kake rabawa kyauta."

Ta ce masa wata guda za ta yi. Haka al'adarsu take: mai jego ba ta fita, ba ta shiga gidan wani, ba ta taɓa sanyi, ba ta cin komai sai romon kaza da ganyayen magani da shinkafa mai zafi. Uwar mijinta, tsohuwa Bao, ta riga ta fara tara kaji. Sai ta tambayi abin da ya kawo ta: a watan nan, za a biya ta?

Norbert ba marowaci ba ne, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Amma gaskiya ya faɗa mata. Dokar ƙasa da ta ba mai jego hutu ba ta kai ga shago mai mutum huɗu ba, inda ta kai ma hutun ba albashi. Shi kuwa ba zai iya biyan wadda ba ta nan, ya kuma biya wanda zai tsaya a madadinta ba. Da ya tsaya a nan da an ce ya yi magana. Sai ya ƙara da cewa uwarsa ta haife shi da safe, da yamma tana ƙarƙashin saniya tana tatsa. Verna tana naɗe nama, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce shi ya sa aka binne matar ba ta kai hamsin ba.

Pakou ta haifi ɗa namiji ana saura mako guda a buɗe farauta. Garinmu kuwa ya yi abin da ya iya. Aka samo kwalba, aka manna hoton Pakou a jiki, aka ɗora kan kantar Norbert don masu sayen nama su riƙa jefa canji. Matan coci suka yi ta kai mata tiren taliya da cuku, da kayan lambu masu sanyi daga firji, abincin da ko cokali ɗaya ba za ta iya kai wa baki ba. Tsohuwa Bao tana karɓa a bakin ƙofa, tana sunkuyar da kai, tana kai wa maƙwabta. Haka muke a nan. In ka kwanta ciwo za mu cika maka gida da taliya, mu sa hotonka a kwalba kamar wanda ya ɓata, mu koma gida muna jin mun yi aikin lada. Mai gidan haya kuwa ba ya karɓar taliya.

Aka buɗe farauta. Bareyi suka cika ƙugiyoyi, aka fara jibge su a tsakar gida kan dusar ƙanƙara. Norbert ya ɗauko wani ɗan'uwan Duane ya taimaka, mutumin ya yi wa naman baya yankan da Norbert ya ce ko kare sai ya yi tunani kafin ya ci. Ana cikin haka, da safiyar wata Talata, sai ga Pakou ta turo ƙofa, kai ɗaure da gyale, fulas ɗin ruwan zafi a hammata. An rage wa mijinta kwanakin aiki, wata kuma ya kusa ƙarewa, ga kuɗin haya. Ta jira tsohuwa Bao ta shiga wanka, ta bar wa mijin jaririn, ta sulale.

Verna ta ce ta koma gida. Norbert kuwa fuskarsa ta washe. Ya juya ga mafarautan da ke tsaye bakin kanta ya ce su ga mace, ba irin 'ya'yan yanzu ba da mura ke kwantar da su. Shi da kansa ya miƙa mata rigar aiki, ya buɗe mata ɗakin sanyi.

Ta yi aiki. Har azahar wuƙarta ba ta tsaya ba, Norbert yana gefe yana fito, abin da bai yi ba tun ranar da aka buɗe farauta. Can ya lura saurin ya ragu. Ya waiga ya gan ta dafe da tebur da hannu biyu, leɓɓanta sun yi fari. Ya buɗe baki zai ce ta sha ruwan zafinta ta ci gaba, sai idonsa ya faɗa ƙasa. Shekara arba'in yana taka jini a ɗakin nan, ya san na dabbar da ta kwana a rataye, baƙi ne, ba ya gudu. Wanda ke bin takalmin Pakou ja ne, sabo.

Daidai lokacin tsohuwa Bao ta shigo, ƙanƙanuwar mace da ba ta kai kafaɗar Verna ba, jariri a ƙirji, tukunyar romo a hannu, ɗanta na biye da ita kamar wanda aka ja wa kunne. Ba ta jin Turanci, ba ta kuma nemi mai fassara ba. Ta ratsa mafarauta, ta ɗora tukunya kan sikeli, ta miƙa wa Norbert jaririn. Ya karɓa don ba yadda zai yi, hannuwansa duk kitse. Ta kwance wa surukarta rigar aiki ta yar a ƙasa, ta lulluɓe ta da mayafinta, ita da ɗanta suka tallafe ta zuwa mota. Sai da ta zaunar da ita sannan ta dawo ta karɓi jikanta, ta dubi Norbert sama da ƙasa, ta fita.

Norbert ya fara cewa shi fa bai kira ta ba, da ƙafarta ta zo.

"Kai tsoho," in ji Verna, "ubanka yana daina tatsar saniya tun saura wata biyu ta haihu, ko ba haka ba? Ya bar ta ta kwanta, yana zuba mata abinci, ba ta ba shi ko kofin madara. Ka taɓa jin ya kira ta malalaciya?"

Ya ce wannan daban, in ba a hutar da saniya ba lalacewa take yi.

"To. Duk gonar nan uwarka ce kaɗai bai hutar ba."

Pakou ta yi kwanaki a asibiti. Norbert bai je ba, ya ce warin wurin na sa lafiyayye ciwo. Abin da ya yi shi ne ya sauke kwalbar daga kanta, ya rubuta a ƙofa cewa ba ya karɓar wata barewa bana, ya sayar da ƙaramin jirgin kamun kifinsa, ya riƙa ba Verna albashin Pakou tana kai mata duk Juma'a har ta warke, tare da kaji biyu da ya fige da hannunsa. Mafarauta suka kai namansu wani gari, wasunsu har yau ba su dawo ba. Shago ya fita daga hunturun nan da ƙyar, Duane ma sai da aka sallame shi.

Kada wani ya ɗauka mutumin ya canza hali. Ko a bazarar nan Verna ta yi zazzaɓi ya ce son jiki ne. Abu ɗaya ne ya shiga kansa, da ya shiga kuwa ya hana kowa sakat. Ya ce in ana cire ɗan abu daga albashin kowa a ƙasar nan ana tarawa don tsufa, me zai hana a yi haka don haihuwa da jinya? Kowa ya zuba kaɗan, babba da ƙarami, ranar da Pakou ta kwanta asusun ya biya ta, shi kuma ya ɗauki mai riƙon ƙwarya da kuɗinsa. Ya faɗa wa mai aski, ya faɗa wa mai gyaran mota, ya faɗa wa fasto. A taron masu shaguna aka ce masa wannan ƙarin haraji ne. Ya ce shekara talatin yana ba da nama kyauta ana cacarsa a mashaya, mutane su sayi tikiti a tara kuɗin taimako duk lokacin da wani ya kwanta, wannan ba haraji ba ne? Bambancin kawai, mai farin jini ya samu da yawa, wanda ba a so ya samu taliya. Da ɗan majalisa ya zo garin, Norbert ya riƙe masa hannu ya ƙi saki, mutumin ya yi ta murmushi yana cewa za a duba.

Bayan shekara biyu Pakou ta sake tsare shi bakin ɗakin sanyi, ta ce ta samu wani cikin, za ta koma masana'anta. Wannan karon bai yi zancen kalanda ba. Ya ce ta dakata, shagon nata ne, gobe ma in ta so a je wurin lauya. Ta ce ta sani, ta daɗe da sani.

"Baba, jirgi ɗaya gare ka, ka sayar. In na karɓi shagon na kwanta, wa zai biya ni? In wanda na ɗauka ya kwanta, me zan sayar?"

Ya ce can ƙetaren kogi wuya kaɗai za ta riƙa yanka daga safe har yamma, kamar inji, hannunta ya lalace. Ta ce haka ne. Ta wanke wuƙaƙenta, ta shafe su da mai, ta jera masa su a kan tebur. Ranar Litinin ta fara aiki a masana'anta.

Bara gwiwoyinsa suka ƙi, likita ya ce sai an yi aiki, zai yi watanni bai tsaya ba. Ya ce ƙarya ne, ya ci gaba da fita, har ranar da Verna ta same shi zaune a ƙasan ɗakin sanyi ya kasa tashi. Aka rufe shago. Garinmu, da ba ya koyon komai, ya nemo kwalba, aka manna hotonsa, aka shirya cacar nama a mashaya ranar Lahadi da rana. Da yake mai ba da naman ne a kwance, sai da aka sayo daga masana'anta.

Aka turo shi a keken marasa lafiya, yana huci. Pakou tana can baya da 'ya'yanta biyu, ta sayi tikiti kamar kowa. Aka miƙa masa abin magana don ya yi godiya. Ya ce taliyar da ke gidansa ta isa ta ciyar da sojoji, kada wanda ya ƙara kawo masa. Ya ce a cire hotonsa daga kwalba, ba ɓata ya yi ba.

"In kuna son yi mini abu," in ji shi, "gobe da safe kowa ya buga wa ɗan majalisar nan waya. Jibi ma ku buga. Ku dame shi kamar yadda kuka dame ni da taliya, har ya gaji ya yi asusun nan. Ke kuma Verna, in na mutu a hannun likitocin nan, kada ki sayar da wuƙaƙen da ke kan tebur. Ki riƙa shafa musu mai. Akwai mai su."