Randar Kaka Mal-sun

Har yau in na tuna da hantsin nan sai in ji zuciyata tana tafasa. Amma bari in fara gaya muku wace ce Kaka Mal-sun, kada ku ɗauka wata 'yar dambe ce.

Maƙwabciyata ce a unguwarmu ta kan tudu a birnin Busan, inda tsakar gidan wani ke kan rufin wani. Tun tana budurwa take jan akwatunan kifi a kasuwar bakin teku. Ƙugiya ce abin aikinta: ta saƙalo gindin akwati, ta murɗa hannu, ta fizgo, sai ka ga kayan da ƙarti ke nishi a kansa ya biyo ta kamar akuya. Haka ta yi ta yi har gwiwoyi suka gaza. Ɗanta ya sayo mata sanda mai lanƙwasasshen kai. Ta zage shi tas, sannan ta karɓa.

Abu ɗaya take ji da shi a duniya, randar ruwan daddawar waken suya da ke bayan ɗakinta. Wurin surukarta ta gaje ta, ita ma gada ta yi. Duk shekara a ɗebi tsohon ruwa a zuba wa sabon haɗi, in ya nuna a mayar wa randa abinta. In ta fashe, shi ke nan, babu kasuwar da ake sayar da irinsa.

To, sai wani kamfani ya saye unguwar zai gina dogayen benaye. Ba mu ce ba za mu tashi ba fa! Kaka cewa kawai ta yi a jira ɗanta ya samo mota, don randar ba ta ɗaukuwa a ka. Su kuwa sauri suke yi. Suka turo samarin haya masu baƙaƙen riguna, waɗanda suka san lagon tsofaffi: a fasa wa tsohuwa randunanta, da kanta za ta tattara ta tafi. Na ga mata sa'o'in uwata zaune cikin tsingaro suna kuka. Marasa kunya!

Da hantsin da nake faɗa, babban samarin ya iso ƙofar Kaka da guduma a kafaɗa, yana taunar cingam.

"Kaka, matsa."

"Kakar wa? Ni ban haifi uban jaki ba."

Abokansa suka tuntsire da dariya. Ya ɗaure fuska.

"Haba tsohuwa, a kan kayan miya? Je ki kanti, kwalba-kwalba ake sayarwa."

"Ruwan nan ya girmi kakanka. Tofar da abin bakinka in kana magana da manya!"

Sai ya sa hannu a ƙirjinta ya hankaɗe ta, bayanta ya bugi bango. Ni ina ta ihu, mazan lungunmu kuwa sun ɗaga wayoyi suna ɗaukar hoto. Hoto!

Kaka ta miƙe ta sake shiga tsakaninsa da randa. Ya ɗaga guduma, ya tako. Ta juya sandar nan, kan ya koma ƙasa, ta saƙalo idon sawunsa, ta murɗa, ta fizgo. Tim! Ƙato ya zauna daɓas, guduma ta gangara matakala tana ƙara. Ya yunƙuro ya cafki wuyan rigarta, ta zuba masa sandar a ƙwauri. Ya saki, yana kiran uwarsa.

"Akwatin kifi ya fi ka nauyi," in ji ta, tana haki. "Ya kuma fi ka amfani."

Da 'yan sanda suka zo, wa kuke tsammani suka ce ya biyo su? Ita! Wai ta ji wa yaro ciwo.

Ta dubi ɗan sandan da ke gaba ta ce, "Ɗana, zan bi ka. Amma ƙafata ƙafar randata."

Nan na juya kan mazanmu. "Ku masu hoto, hannuwanku sun shanye ne?" Kunya ta kama su. Suka nemo igiya da gora, suka ɗaure randar, suka saɓa. Haka muka sauka tudun, randa a gaba, Kaka a baya tana dogara sanda tana zagin duk wanda ya girgiza mata ruwa, 'yan sanda na biye kamar 'yan rakiya.

An rushe unguwar. 'Yan sanda sun sallame ta, amma ba wanda ya ba ta haƙuri har yau. Randar tana barandar ɗanta, ko tsagewa ba ta yi ba, sandar kuma na jingine a jikinta.