Dokin da Ya Koma Cizo

Ina zaune a bakin kogin Haɗeja da hantsi, sai labarin da Kaka ta ba ni ya faɗo mini a rai.

Kafin zuwan Turawa, kakanta yana da doki mai sanyin hali, kwatsam ya koma cizo da harbi. Har an yanke a kashe shi, sai wani dattijo Babarbare ya shafa bayansa, dokin ya gantsare.

Dattijon ya ce wa mai dokin, "Malam, sirdi ne ya ci masa baya."

"Ikon Allah! Amma bai nuna ba."

"Ya nuna, ku ne ba ku gane ba."

Aka sake shi a fadama wata biyu, balbelu suna sauka a bayansa har ya warke.

Ku fa, wa kuka taɓa kira mugu alhali ciwo yake ji?