Abin da Ya Tare Ni

Ni ce mai sa maɓalli da guga a shagon ɗinkin Hajiya a Hayin Banki. Duk kayan da zai fita ta hannuna yake bi a ƙarshe, don haka kowane jinkiri a kaina yake ƙarewa.

Ƙanwar Hajiya, mai aikin gwamnati, ita ta kawo mana sabon tsari. Ta kafa allo ta raba shi uku: wanda ba a fara ba, wanda ake yi, wanda aka gama. Kowane ɗinki da 'yar takardarsa. Mu zaɓi aikin sati biyu, ba a ƙara komai sai sun cika. Kullum da safe mu tsaya a tsaye, kowa ta faɗi abin da ta yi jiya, abin da za ta yi yau, da abin da ya tare ta.

Na riƙe tsarin nan hannu biyu. Ko zare ɗaya ke lilo a riga, ba na matsar da takardarta zuwa gefen wanda aka gama. Bayan an tashi, nakan dawo daga bakin titi don in sake duba allon.

Muka zaɓi rigunan wata firamare a Katabu. Kwana uku da farawa Hajiya ta shigo da ankon bikin ƙawarta, ta jibge a kan kekuna, babu takarda. Aka ture rigunan yara. Amma da safe kowa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Babu abin da ya tare ni." Ƙarya da sanyin safiya!

Saura kwana biyar a koma makaranta, Hajiya ta dubi allon, ta dube ni.

"Ke, gefen naki na wanda aka gama fayau. Maɓallin ne ya fi ƙarfinki?"

Aka kwashe da dariya. Amma ai an ce a faɗi gaskiya.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Jiya anko na goge. Yau ma anko ne. Abin da ya tare ni kuma, ke ce."

Mai yanka mana yadi ta taka mini ƙafa.

"Ni?" in ji Hajiya.

"Rigar da ba a ɗinka ba, a ina zan sa mata maɓalli?"

Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Amma a ranar ta kwashe ankon ta tura a jaka. Ranar Asabar rigunan suka tafi Katabu, kowace da maɓallanta.

Har yau ba ta ce na yi gaskiya ba. Mai yankan da ta taka ni kuma, ita ce ke ba baƙi labari: "Ai mun faɗa mata." Mun!