Kafireto a Aljihun Mai Agogo

Duk wanda ya taɓa kai gyara shagon nan na ƙarƙashin matakalar bene ya san Mai Agogo, ya kuma san ɗan ƙarfen da ke rataye a jikin makullansa. Girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, da 'yar allura a gefe. Masu kawo gyara sukan zaci usur ne. Kafireto ne na injin ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa, kuma haushi ne ya ajiye shi a aljihun nan shekara da shekaru.

Mai Agogo mutum ne mai tsari. A makarantar mishan ya koyi riƙe magagari, a hannun wani tsohon malamin sana'a wanda ba ya yafe karkataccen layi. Da malamin zai bar aiki sai ya ba shi wani kwali. A ciki akwai inji da famfonsa da kafiretonsa, da akwatin sarrafa jirgi. Mutanen lokacin in sun ba ka abu, cikakke suke ba ka, har da takardar bayani a ninke.

Sai da ya yi aure ya zauna sannan ya ƙera wa injin jiki. Ya fere katako mara nauyi, ya manne da gam, ya lulluɓe fikafikan da siririn yadi, ya shafa jan fenti. Tankin mai kuwa a tsakiyar cikin jirgin ya binne shi, ƙarƙashin fiffike, don kada nauyi ya karkata sa'ad da mai ke raguwa. Wannan ya sa tankin ya yi wa inji nisa, dole sai famfo ya turo man. Shi kuma kafireton nan tare da famfon aka yi shi, hanyar mansa matsattsiya ce, daidai da ƙarfin turin. Ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya.

Abu guda ya gagare shi. Hannun da ke ɗaukar sukurun agogon mata ba ya ko motsi, da zarar jirgi ya bar ƙasa sai ya kama rawa. Nan ƙanin matarsa ya shigo, wani direban bas mai fara'a da baki, wanda 'yan tasha ke kira Kyaftin. Shi hannunsa kamar don tuƙi aka halicce shi. Kowace Lahadi da la'asar sukan je filin ƙwallo na bayan tsohuwar masaƙa. Mai Agogo ya daidaita allurar kafireton mai auna mai, ya durƙusa ya riƙe wutsiyar jirgin da hannu biyu, domin in an ta da inji dole wani ya riƙe kada ya zabura. Hayaƙi da man zurma da ake gauraya wa man injin su yi ta fesa masa a fuska, Kyaftin na tsaye da akwati. In ya ce a saki, a saki. Mai Agogo bai taɓa jin ƙyashin wannan rabo ba. Ganin abin da ya fere yana shawagi ya ishe shi.

Ran nan wani ɗan jarida ya zo filin da kyamara. Hoton da ya fito ya nuna Kyaftin a tsaye cikin farar riga yana murmushi, a bayan jirgin kuma wani mutum a duƙe, ba a ganin komai nasa sai ƙeya da sanƙo. A ƙasa an rubuta cewa ga direban da ya ƙera jirgi da hannunsa, tare da yaronsa mai riƙe masa wutsiya.

Mai Agogo ya kai wa Kyaftin jaridar har gida. Ya tarar ya riga ya sa hoton a gilashi ya rataye a falo.

"Kai ka faɗa masa haka?"

"Haba Yaya, wasa ne fa. In ban tsokani mijin yayata ba, wa zan tsokana? Kuma ka duba, sanƙon ya fito ras."

Baƙin da ke falon suka yi dariya. Jirgin na jingine a zaure, don a motar Kyaftin ake ɗaukarsa. Da Mai Agogo zai fita ya tsaya, ya ciro ƙaramar sukundirebarsa, ya kwance kafireton a tsanake, ya toshe ramin da tsumma mai tsabta don kada ƙura ta shiga. Injin ai bai yi masa laifi ba.

Kyaftin ya ce ba komai, kafireto ba shi kaɗai ba ne a duniya. Ya samo wani ya ɗaura. Inji ya tashi da ƙara mai daɗi, amma da ya rage wuta sai famfon ya tura mai fiye da yadda sabon zai iya sha, fulogi ya jiƙe, inji ya shaƙe ya mutu. Ya matse allura, sai inji ya yi zafi kamar zai narke. Ya cire famfon gaba ɗaya ya haɗa tiyo kai tsaye. Jirgin ya tashi, yana ɗaga hanci sama mai ya kasa hawowa daga tanki, ya faɗo cikin ciyawa, ƙafa ɗaya ta karye. Hanya ɗaya ta rage, a farke cikin jirgin a matso da tankin gaba, Kyaftin kuwa ko kujera bai taɓa ƙerawa ba. Mutanen da suka karanta jarida suka fara tambayarsa, tunda shi ya ƙera, me zai hana ya gyara?

Duk wannan labari yana isa shago, Mai Agogo yana saurara da gilashi a ido ɗaya, yana ɗan gyaɗa kai kamar likitan da aka faɗa wa abin da ya riga ya sani. Ba su yi gaba ba. Suna haɗuwa a taron dangi su gaisa da kyau. Sai dai duk sa'ad da suka zauna, Mai Agogo kan ciro makullansa ya ɗora a gwiwa, ya yi ta goge kafireton da hankici har ya yi ƙyalli.

"Malam," in ji matarsa, "furfura ta cika muku kai ku biyun. Ba ka gajiya?"

"Ya sauke hoton?"

"Bai sauke ba."

"To ban gaji ba."

A haka agogon waini ya ƙare a hannun mutane, aka koma na batir, aka yanki rabin filin aka gina shaguna. Kyaftin ya ajiye tuƙi, don yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata safiya sai ga shi a bakin shago, ya cire hula ya riƙe.

"Yaya, nesa ta fara ɓace mini. Ina so in tashe shi ko sau ɗaya ne tun ina iya ganinsa a sama."

Mai Agogo ya gama rufe bayan agogon da ke hannunsa tukuna.

"Farar rigar nan tana nan?"

"Ta matse ni."

"Ka sa ta haka. Lahadi."

Mai Agogo ya gyara ƙafar jirgin, ya wanke famfon, ya canza tiyo, ya mayar da kafireton mazauninsa. Ya gayyaci tsofaffin 'yan kallo da 'yan tasha, ya ɗauko mai hoto na kan kwana. A filin ya karɓi akwatin ya rataya a wuya.

"Sauka ka riƙe."

Kyaftin ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara. Aka murza farfela, inji ya kama nan take, da muryarsa ta da, kamar jiya aka kashe shi. Mai Agogo ya ba da wuta har ƙarshe, ya kuwa ɗan buɗe allura fiye da kima, man zurma ya yi wa farar rigar ruwa. Mai hoto ya ɗauka. Daga nan Mai Agogo ya kashe inji, ya ciro sukundireba.

"Yaya, ba za mu tashe shi ba?"

"Sai na ga hoto."

Da aka wanko, ya sa gilashinsa ya duba shi kamar yana neman tsaga a agogo. Kyaftin ya ɗago kai daidai lokacin ɗauka, fuskarsa ta fito sarai, har da 'yar dariya.

"An gan ka," in ji Mai Agogo. "Ni ba a gan ni ba. A sake."

Matarsa ta ce wannan kam mugunta ce. Ya amsa cewa shi ma ya sani.

Aka sake. Wannan karon ƙeya kawai ta fito, da sanƙon da shekaru suka yi wa Kyaftin shi ma. Mai Agogo ya rubuta a ƙasa da rubutunsa mai kyau na 'yan mishan, maƙerin jirgi da yaronsa. Ya tsaya a falon har aka sauke tsohon hoton aka rataye sabon a kan ƙusa ɗaya. Sannan ya miƙa akwatin.

Suka koma filin, jirgin ya tashi ran nan. Kyaftin ya kewaya da shi ƙasa-ƙasa, inda idonsa ke kaiwa, ya sauke shi lafiya lau. Yana share hawaye da hannun riga, yana cewa hayaƙi ne. Mai Agogo ya jira inji ya huce, ya kwance kafireton, ya toshe ramin da tsumma, ya mayar da shi jikin makullansa.

"Har yanzu, Yaya?"

"Na san bakinka," in ji shi. "Ɗauko wutsiyar, ni zan riƙe gaba."