Neman Baba a Tsohon Siliman Alƙahira

Talata, unguwar Ainu Shams, Alƙahira

Ana idar da asuba muka fita, ni da ɗana Sani da ke karatu a Masar. Tun ina yarinya Baba ke ba mu labarin yadda ya yada zango a Alƙahira kan hanyar Makka, ya yi shara a wani gidan silima, har aka sa shi cikin fim ɗin ban dariya, irin na da, wanda ba a magana. Da na maimaita labarin, matan garinmu Sabon Birni suka ce ƙarya na gada. Shi ya kawo ni.

Ƙarfe shida muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, minti arba'in sai tsakiyar gari. Sojoji suka tsayar da mu, suka duba fasfo. Silima uku muka zaga: ɗaya a rufe, ɗaya an rushe, ɗaya mai gadi ya kore mu.

“Inna, khalas, ya isa haka, ƙafarki ta kumbura,” in ji Sani.

“Kai ka ɗauko ta? Gobe ma da asuba.”

Laraba

Wani direban tasi ya kai mu lungu, gaban wani tsohon silima da aka mai da ma'ajiyar takalma. Na yi sallama sau uku. Wani tsoho ya fito, Sani ya fassara masa abin da ya kawo mu, tsohon ya yi dariya.

“Ya Hajja, fim ɗin ya lalace tun kafin a haife ni. Sai dai hoto.”

Ya hau da mu bene, matakala ashirin da biyu, na ƙirga da gwiwata. Ga hoton a bango. Na nufi mutumin tsakiya, tunda Baba cewa ya yi shi ne babba. Ashe wani Balarabe ne mai tumbi, ya faɗa cikin bokiti.

Can a gefe sai ga baƙin saurayi riƙe da tsintsiya, rabin fuskarsa kaɗai ya fito.

“Inna, kowa ma zai iya zama.”

“Kowa ke da tsagen Gobir a Masar? Matso da fitila.”

Ga su nan, irin na Baba, daga bakinsa har kunne. Na ce, “Baba, ka ƙara gishiri, amma ka zo.” Sani ya ɗauki hoton a waya.

Asabar, gida

Jirgi ya sauke ni Kano, mota ta kai ni Sabon Birni bayan la'asar. Ban kwance kaya ba na aika a kira matan. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon nan da ban tambayi sunansa ba.